Tsohon Wadirob Ɗan Kwali: Yadda Za Ki Mayar da Shi Kabad ɗin Jere

Ina gaida na cikin garin Talatar Mafara, da na Bakura, da na Maradun, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu kuma Allah ya mayar da su lafiya.

Hirarmu ta yau a cikin ɗaki za ta tsaya. Akwai wani kaya da ya yawaita a ɗakunan amare, wato wadirob ɗin nan da ake sayowa cikin kwali, allo-allo, da ƙullin notuna a leda, a zo gida a harhaɗa. Wasu sif suke ce masa. Ranar jere kam yana ɗaukar ido. Amma bayan 'yan shekaru sai ki ga ƙofa ta langaɓe, sandar rataye kaya ta zube, tufafi sun koma akwati, shi kuwa yana tsaye ya tare kusurwar ɗaki ba aikin fari ba na baƙi. A ɗaya gefen ga kwallaye da samira da tangaram jibge ƙarƙashin gado suna shan ƙura, domin kuɗin sabon kabad mai gilashi, wanda wasu ke kira shokes, ya fi ƙarfin adashi. To, shin wancan wadirob zai iya komawa kabad ɗin jere? Zai iya, in an san halinsa. Abu uku ne ba ya jurewa: ruwa, da nauyin da ya wuce ƙima, da tsayuwa ba tare da an ɗaure shi ba. Duk abin da zan faɗa yau a kan waɗannan ukun yake.

Kafin mu shiga aikin, bari mu tuna abin da ya sa wahalar ta cancanta. Jere ba yau aka fara shi ba. Kakanninmu ƙorai suke jerawa, da faya-fayai da akussa da tasoshi, wasu a rataye cikin ragaya. Zamanin Turawa kwano mai fenti ya shigo daga Turai da Hong Kong, daga baya aka kafa masana'antunsa a Legas da Kano, kwalla da langa da fanteka suka cika ɗakuna. Sannan tangaram ya zo, samira ta zo, kuloli suka biyo baya. Kayan sun sauya, manufar tana nan. Kayan ɗaki asusun mace ne. Ranar da wata lalura ta taso, su ake miƙa wa dillaliya. Ranar da ɗiya ta isa aure, daga cikinsu ake zaɓar abin da za a rage wa uba nauyi. Kin kuwa san dillaliya da ido: kwallar da fentinta ya ɓantare, ko saitin tangaram da kofi ɗaya ya fashe, ba za su yi kuɗin da lafiyayyu za su yi ba. Saboda haka kabad ado ne, kuma ma'ajin dukiya ne.

Sai batun mai shi. In iyayenki suka kawo ki da wadirob ɗin, naki ne, ki gyara abinki yadda kike so. In maigida ya saya ya ajiye don amfanin ku biyu, sai an nemi yardarsa. Ko naki ne ma, ki yi shawara da shi, domin akwai wurin da kafinta zai zo zaure, akwai kuma wurin da za a huda bango. In gidan haya kuke, shi zai yi wa mai gidan magana.

Yanzu ki san da wa kike aiki. Wannan dabara ta sayar da kayan ɗaki a kwance cikin kwali, kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yaɗa ta a duniya tun daga wajen shekarar 1956, domin kaya a kwance ba sa cin wuri a mota ko a jirgi, kuɗin dako ya ragu, farashi ya sauko. Waɗanda ke zuwa mana nan wasu daga Sin ko Turkiyya ko Dubai suke, wasu kuma a cikin ƙasar nan ake yanka allunan. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, allon nan ba daga jikin itace aka tsago shi ba kamar katakon da kafintocinmu suka saba da shi. Dusar katako ce da ɓarɓashinsa ake kwaɓawa da gam, a matse da inji mai zafi, sannan a lulluɓe da wata siririyar leda ko takarda mai zanen itace. Wanda dusarsa ta fi laushi shi kafintoci ke kira MDF. Kaurinsa yawanci milimita 15 zuwa 18 ne, bai kai inci guda ba. Mu kira shi allon dusa don sauƙin magana.

Allon dusa in ya sha ruwa kumbura yake yi kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma in ya bushe ba ya komawa yadda yake. In an kwance noti aka mayar sau biyu sau uku, ramin ya kan faɗaɗa ya daina riƙewa. In aka buga masa ƙusa a baki, tsagewa yake yi. In aka ɗora masa nauyi ya daɗe, sai ya yi ciki kamar bakan maharbi. Shi ya sa ba ya son tashi daga wannan gida zuwa wancan, kuma duk wadda ta taɓa kwasar kaya a amalanke ko a bayan mota ta ga yadda yake isa.

Saboda haka matakin farko gwaji ne, kafin ki kashe ko sisi. Ki fitar da duk abin da ke ciki. Ki durƙusa ki danna bakin allon da ke taɓa ƙasa da farcenki. In ya lotsa, ko ya marmashe kamar dusa, ki bi shi sama ki ga inda lalacewar ta tsaya. In ba ta wuce yatsa biyu ba, kafinta zai iya yanke ƙasan ya yi masa sabon gindi na katako. In ta haura taki guda, ki haƙura, ki cire madubi da hannuwan ƙofa da notuna ki adana, domin gilashi da tangaram ba abin ɗorawa kan ruɓaɓɓen gindi ba ne. Ki haska tocila a bayansa ki duba ko gara ta yi hanya. Sannan ki dafa gefensa ki ɗan girgiza. In yana rangaji hagu da dama, yawanci siririn allon baya ne ya saki, kuma wannan yana gyaruwa.

In ya ci gwaji, sai awo. Wannan aikinki ne, ba sai wani ya shigo ɗakin ba. Ki ɗauko tef ɗin ɗinki, gefe guda inci ne, ɗayan santimita. Ki zaɓi guda ki tsaya a kai, kuma inci ya fi, domin da shi kafintocinmu suka fi aiki. Ki auna faɗin ciki daga bango zuwa bango a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. In sun bambanta, ki riƙe mafi ƙanƙanta. Ki auna zurfi daga baya zuwa baki, ki auna tsawo. Ki rubuta, da boko ko da ajami, ko ki sa ɗan makaranta ya rubuta miki. In babu tef, ki yanki igiya daidai kowane awo, amma kada ki yi da zaren da ke miƙewa. Akwai wani awo kuma mai amfani: ki ja igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ki ƙulla alama, sannan ki gwada ɗaya ɓangaren. In tsawon ya zo ɗaya, jikin a miƙe yake. In ya bambanta, ya karkace, kuma sai an daidaita shi kafin a yi maganar gilashi, domin gilashi ba ya lanƙwasa ya bi karkatacciyar ƙofa.

Bayan nan ki auna kayan da za ki jera. Ki ɗora saitin kwallarki yadda kike son a gan shi, ki auna tsawonsa, ki ƙara yatsa uku don hannu ya samu shiga. Haka za ki yi wa samira da kuloli da farantai. Wannan shi zai gaya miki tazarar da za a bari tsakanin hawa da hawa. Yawanci inci 10 zuwa 12 ya isa tangaram da ƙananan kwanoni, manyan kwallaye kuwa sai an ƙara.

To, ga tsarin da na fi ba da shawara a kai. A raba wadirob ɗin biyu a daidai ƙugunki. Ƙasa ya zauna a rufe da ƙofar allo, a nan manyan kaya masu nauyi za su zauna. Sama shi ne wurin jere. A daidai ƙugun a sa kanta guda mai ƙarfi wadda ta cika zurfin duka, a ɗaure ta sosai da bangon dama da na hagu. Ita ce ɗamarar kabad ɗin, ita za ta hana ɓangarorin buɗewa. Wannan tsari ya sa gilashi ya yi nisa da mai rarrafe, nauyi kuma ya taru a ƙasa.

Aikin da za ki iya yi da kanki yana da yawa. Da sukundireba guda za ki kwance ƙofofi, ki fara da hinjin ƙasa, wata ta riƙe miki ƙofar kafin ki kwance na sama. Ki cire sandar rataye kaya. Notuna ki zuba a gwangwani mai murfi, nesa da yara, domin ƙaramin yaro baki yake kai duk abin da ya tsinta. Ki bi notunan jiki ɗaya bayan ɗaya ki ɗaure, amma da hankali, da kin ji ya tsaya ki tsaya. Ramin da ya faɗaɗa kuwa ga maganinsa: ki tsoma tsinken ashana ko na sakace cikin farin gam na kafinta, ki cusa har ramin ya cika, ki bari ya kwana, ki yanke abin da ya fito, sannan ki mayar da notin. Jikin wadirob ɗin kuwa kada ki wargaza shi, ki bar shi a haɗe.

Allon baya fa, kada wani ya ce miki a cire shi don haske ya shiga. Siriri ne, kusan milimita 3, amma shi ke hana dukan jikin karkacewa. In ya saki, a kwantar da wadirob ɗin rubda ciki a kan tabarma, a daidaita shi da awon igiyar nan har kusurwa biyu su zo ɗaya, sannan a kama allon da ƙananan notuna, tazarar taki ɗaya-ɗaya. In ya yage ko ya ruɓe, a musanya shi da filawud mai kwatan inci.

Sai kantoci. Nan ne wurin da aka fi yin asara. Kada a yanka tsohuwar ƙofa a ce ta zama kantar tangaram, domin allon dusa in ya wuce ƙafa biyu ba tare da tokari a tsakiya ba, ciki zai yi. A sayi filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wanda kafintoci ke ce wa tiri-kwata. Falle guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8. In faɗin cikin wadirob ɗinki inci 30 ne ko 31, kuma zurfin kanta inci 14, falle ɗaya zai fitar da kanta tara. Ke kuwa uku ko huɗu kike buƙata. Kin ga ke nan za ku iya haɗa kuɗi da abokiyar zamanki ko maƙwabciya ku raba falle guda. Ranar Talata da kasuwa ke ci, masu zuwa Mafara daga Bakura da Maradun ba sa yankewa, sai a ba da saƙo da takardar awo, a yanko a can, a kawo a ɗaure. Yankan kuma ko a gida za a yi, a yi shi a waje, domin ƙurar allon dusa tana da gam a ciki, ba ta da kyau ga ƙirji.

Me ya sa na ce inci 14? Wadirob zurfinsa ya kan kai ƙafa biyu, saboda an yi shi ne don riga ta rataya. Kabad ɗin jere bai buƙatar haka. In kanta ta cika zurfin, kayan baya za su ɓuya, ke kuma za ki yi ta tura kaya har nauyi ya yi yawa. Wasu kan sa a tsage jikin wadirob ɗin a rage zurfinsa, amma wannan yana ɓata ramukan da kamfani ya huda, yana kuma rage faɗin gindi, abin ya ƙara saurin faɗuwa. Abin da ya fi shi ne a bar jikin yadda yake, a yi kantocin sama gajeru, a manna su da baya. Nauyi ya koma wajen bango, filin da ya rage a gaba kuma ya bar haske ya sauka har hawan ƙasa.

Yadda za a ɗora kantar ma akwai magana. 'Yan ƙananan turakun roba ko na ƙarfe da ke zuwa cikin kwali ba su isa su ɗauki kwano ba. A sa kafinta ya yanko sanduna na katakon gaske, kauri kamar inci guda, tsawonsu daidai zurfin kanta. A shafa musu gam, a kama su a bangon dama da na hagu da noti uku-uku, kanta ta kwanta a kansu. A fara huda ƙaramin rami kafin a murɗa noti, kuma a gwada tsawon notin tukuna, kada ya ɓullo ta waje. Ban da ƙusa. In wadirob ɗin mai ƙofa uku ne, allon da ya raba tsakiya a bar shi, tokari ne.

Mu zo ga ƙofa, wadda ita ce fuskar kabad. Hanya uku ce, kowa da ƙarfinta.

Ta farko ita ce mafi sauƙi: a bar saman ba ƙofa, a ja waya ko siririyar sanda a rataya labulen leshi. Ba ta cin kuɗi, ba abin fashewa, sai dai hazon hunturu zai shiga, kuma sai kin riƙa gogewa akai-akai.

Ta biyu ita ce ƙofa mai tagar gilashi. Wasu kan fafe tsakiyar tsohuwar ƙofar su sa gilashi. In za a yi haka, a bar baki aƙalla inci 3 ko'ina, domin hinjin irin wannan wadirob a cikin wani rami mai faɗi yake zaune, in an matse shi allon zai ɓalle. Amma ki san gilashi yana da nauyi. Mai kaurin milimita 4, kowace murabba'in mita kilo 10 ce. Ƙofa mai faɗin santimita 40 da tsawon 120 za ta ɗauki kusan kilo 5 na gilashi, duk a wuyan notunan da ke cikin allon dusa. Saboda haka in da hali, firam ɗin katakon gaske ya fi, da hinji uku a kowace ƙofa.

Ta uku ita ce gilashi mai zamiya, irin na masu shago, wanda ake turawa gefe. Masu aikin alminiyam da ke yin tagogi su ke yin sa. Falle biyu ne ke gudu a kan layin dogo sama da ƙasa. Nauyinsa a kan ɗamarar nan ta tsakiya yake sauka, ba ya jan kabad gaba, ba ya cin filin ɗaki, kuma ana sa masa ɗan makulli. Ga ɗaki mai yara, ita na fi so.

Ko wacce kika zaɓa, a gama firam ko layin tukuna sannan a auna gilashi, kuma a rage kamar milimita 3 don ya samu wurin motsi. A ce wa mai yanka ya goge bakin, kada ya yanki hannu. In ba a samu irin da ake so a cikin gari ba, ana samu a Gusau ko Sakkwato, a naɗo shi da kwali, a ɗauko shi a tsaye. Akwai kuma roba mai kama da gilashi, nauyinta kusan rabin nasa, ba ta tarwatsewa, sai dai tana saurin karcewa, don haka da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi ake share ta.

Adon ciki kuwa hannunki ya isa. Ledar da ke jikin allon dusa santsi gare ta, fenti ba ya kama ta sosai, bayan ɗan lokaci sai ya riƙa ɓarewa. Ya fi sauƙi ki manna leda mai gam a allon baya, ko ki ja yadi mai launi ɗaya. Baƙi ko shuɗi mai duhu yana fito da farin tangaram da ƙyallin samira. Kwalla mai furanni kuwa fari ko ruwan madara ya fi karɓarta. Madubin tsohuwar ƙofa in aka kafa shi a baya, jeren sai ya zama kamar ninki biyu. In kuwa dole sai an yi fenti, a tambayi wanda babu dalma a cikinsa, a yi a waje, yara na nesa. Mu a Zamfara mun san abin da dalma ke yi. A shekarar 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wasu fentocin mai ma suna ɗauke da ita, kuma ta hanyar ƙura take shiga jikin yaro. Saboda haka tsohon fenti, na kabad ne ko na ƙofa, kada a kankare shi a bushe inda yara ke wasa.

Yanzu ki ƙara kasa kunne, domin wannan shi ne mafi muhimmanci. Dogon kaya mai ƙafa shida, in ba a ɗaure shi da bango ba, faɗowa yake yi. Yaro ya kan ja durowa ya taka ta kamar tsani, ko ya rataya a ƙofa yana lilo. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ɗin da na ambata ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka, bayan wasu sun faɗo kan ƙananan yara sun kashe su. Waɗancan tufafi ne a cikinsu. Namu kuwa gilashi ne da tangaram da ƙarfe. Don Allah kada ki jera ko cokali sai an ɗaure.

In bangon bulo ne na siminti, a sami ƙarfe biyu masu kusurwa, a huda bango da inji, a cusa robar da ke riƙe noti, a ɗaure. Ɗaya bakin ƙarfen a kama shi da allon sama mai kauri, kuma a huda ya fita a sa noti mai wasa da kai a ciki, domin noti mai murɗi kaɗai zai iya zarewa daga allon dusa. Kada a ɗaure a siririn allon baya, yagewa zai yi. In ginin ƙasa ne, ƙusa ba ta riƙewa ko ta kai inci shida. A sa magini ya fafe bangon, ya binne guntun azara a kwance, ya yaɓe, a bari ya bushe sarai, sannan a ɗaure kabad a jikinta. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba. Ban da wannan, a ɗan cusa siririn katako ƙarƙashin gaban kabad don ya jingina baya kaɗan. Kuma kada ki ajiye alawa ko waya ko wani abin da yaro ke so a samansa yana kallo.

Sai kariya daga ruwa. Kada gindin ya taɓa ƙasa kai tsaye, daɓe ne ko siminti. A ɗora shi kan jan bulo ko gutattsarin tayil ko katako mai ƙarfi, ya tashi kamar yatsa uku, a tabbata duk kusurwoyin sun zauna daidai. Duk bakin allon da zarto ya taɓa a shafe shi da gam, domin ta nan danshi ke shiga. A bar 'yar tazara tsakaninsa da bango don iska. Masu gidaje kusa da fadama, ko kusa da hanyoyin ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ku kuka fi buƙatar wannan, domin da damina ƙasa tana tsattsafo da sanyi ko rufi bai yoyo. Randa da tulu da buta su yi nesa da shi. In kina goge ɗaki, ki matse tsumman kafin ki iso gindinsa.

Idan an gama, sai jere. Fanteka da manyan tukwane da kuloli a ƙasa. Kwalla da samira a kan ɗamarar tsakiya. Tangaram a hawan da ke daidai idonki. Kofuna da kayan roba da faya-fayai a can sama. Masu nauyi ki matsar da su gefe-gefe kusa da sandunan, tsakiyar kanta ki bar wa marasa nauyi. Farantin da za ki tsayar, a manna siririn katako a gabansa kada ya zame. Ki shimfiɗa ƙyalle ko takarda tsakanin kwalla da kwalla don kada fenti ya ɓantare, kuma duk abin da kika wanke ya bushe ƙarau kafin ya shiga, in ba haka ba tsatsa za ta kama inda fentin ya ɗaga. In kina son haske, akwai ƙananan fitilu na batir ko na sola da ba sa zafi. Kyandir da fitilar ƙwai da kaskon turare kuwa kada su kusance shi, domin ledar jikinsa ba ta jure wuta.

Kulawa ba ta da wuya. Kafin hunturu ki manna siririn soso ko ƙyalle a bakin ƙofa don rage ƙura. Wata-wata ki haska baya da ƙasa ki duba gara. Shekara-shekara, farkon damina, ki sauke kaya ki gwada notuna da ƙarfen bango. In kin ga kanta ta fara ciki, ki rage mata kaya, ki juya ta.

Abu na ƙarshe shi ne lissafi. Kafin a fara, ki sa a tambayo kuɗin filawud, da sanduna, da gilashi, da ladan kafinta, da na dako, ki haɗa. Sannan a tambayo kuɗin sabon kabad na katakon gaske. In gyaran ya haura rabin kuɗin sabo, ki tsaya a labulen leshi tukuna, ki ci gaba da zubin adashi. Aikin ma ba dole a yi shi rana ɗaya ba. Wannan kwasar a yi kantoci a ɗaure da bango, kwasa ta gaba a sa gilashi. Sannu ba ta hana zuwa.

To 'yan'uwa, nan za mu dakata. Wadda ta ji, ta gaya wa wadda aiki ya hana ta saurare, musamman maganar ɗaure kabad da bango, ko sabo ne ko tsoho. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muka mallaka, ya ba mu zaman lafiya da mazajenmu da abokan zamanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.